Jegon Uwani da Zumar Oshun

Tun da na dawo daga Amurka ban sha ruwa da daɗi ba. A Islamiyya, a gidan biki, har a layin tantance 'yan fansho, tambayar ɗaya ce: Hajiya Rabi, yaya birnin New York yake? Da gaske ne benayensu na taɓo gajimare? Hajiya Ladi cewa ma ta yi na dawo ina ɗaure fuska, ko dai dala ce ta hau mini kai. To na gaji da ba da labari guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta. Benaye dai akwai su, ban tsaya ƙirgawa ba. Jego ne ya kai ni, kuma saura ƙiris in baro garin ni da 'yata ba ma ga-maciji.

Uwani ke nan, 'yata ta fari. Ba shi ne sunanta na yanka ba. Sunan mahaifiyata aka sa mata, ga ta kuma ta fari, kunya ta zama biyu. Ko wannan Uwanin da nake rubutawa ba na faɗarsa a gabanta, "ke" kawai nake ce mata. A ɗakin kakarta ta tashi, ban taɓa goya ta a gaban mutane ba, haka aka yi mini, haka aka yi wa uwata. Shekara goma sha ɗaya da aurenta da Aminu, mai aikin haɗa magani a wani asibiti can, Allah bai kawo rabo ba sai bana. Da labari ya zo ta bakin ƙanwata cewa wata ya kusa, dangi suka ce ai a wannan karon kunya ba ta taso ba, babu wadda za ta je sai ni, tunda ni ce mai Turanci, na yi shekara talatin ina koyarwa a firamare.

Daga Zariya zuwa Abuja ba abin da ya same ni sai direba mai son wa'azi da ƙarfi da gudu da ƙarfi. A filin jirgi aka ɗora jakunkunana a sikeli, yarinyar ta ce sun yi nauyi, dole na bar rabin geron da na kawo. Jirgi kuwa, an ba ni wani abinci a ɗan faranti mai kama da na wasan yara, na ci burodin na mayar musu da sauran. Muka yada zango a wata ƙasar Larabawa, na yi awa shida a kan kujerar ƙarfe ƙafafuna suka kumbura, sannan aka sake kwashe mu. Wanda ke kusa da ni tun da muka tashi har muka sauka bai ce mini ko sannu ba.

A saukarmu ne na fara ganin wulaƙanci. Kare suka sako wa jakata, ni da na yi alwala a jirgi. Karen ya zauna a gefen jakar ya ƙi tashi, aka ce in biyo su. Wata ma'aikaciya mai safar hannu ta zazzage mini kaya a bainar jama'a. Kilishin da na yi odarsa tun mako biyu, a kan idona ta jefa shi a kwandon shara. Sauran geron ya bi shi, busasshen ganyen runhun da na tanada don wankan jego shi ma ya bi. Ta buɗe ƙullin daddawa ta ja da baya, ta rufe da sauri ta ce in tafi da abina. Kanwa ce ta tsaya musu a rai, suka taru su uku suna jujjuya ta. Na gaya musu ta kunu ce, ba su gane ba, sai na ɓalli ɗan guntu na sa a baki. Da suka ga ban faɗi ba suka miƙo mini ita, babu ko ban haƙuri.

Aminu na jirana a waje. Ya ɗan rusuna, rusunawar Amurka, wadda gwiwa ba ta sanin an yi ta. Muna shiga mota ya ce, "Hajiya, albishirinki, jiya an samu baby girl. Ina ciki aka haife ta, ni na yanke cibiya da hannuna." Na yi hamdala, sannan na juya fuskata wajen taga. Suruki ne fa yake gaya wa surukarsa ya shiga ɗakin haihuwa, har da murmushinsa. A Tudun Wada da an ji wannan, da sai ya canza masallaci.

Gidan nasu a Harlem yake, hawa na tara, ɗaki biyu da wani lungu da suke kira kicin. Babu tsakar gida, babu inda mutum zai shanya zane, taga ma ba a buɗe ta sai a ji jiniya. Na ga Uwani kwance, ta rame, idonta ya faɗa. Raina ya yi fari da ganinta, amma na ce mata, "Ke, an sauka lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, Hajiya." Na ɗauki jaririyar na yi mata addu'a, gaisuwarmu ke nan bayan shekara shida ba mu haɗu ba.

Abincin mai jego kuwa, Aminu ya shigo da wani faffaɗan kwali, a ciki gurasa ce da aka shafe da cuku mai yauƙi. Na ce wannan ko mai lafiya ya ci sai ya kwanta. Washegari na sa ya kai ni layin 'yan Afirka da ke kusa da su, inda shagunan Sanigal da Nijar suke jere. Can na samu wani Isufu ɗan Damagaram, ya auna mini gero da tsamiya da kayan yaji. Na tambaye shi ganyen wanka, ya riƙe baki ya ce, "Hajiya, nan ƙasar ko darbejiya ba ta fitowa. Amma ba komai, ki yi da ruwan zafi tsura, haka matanmu ke yi." Na dama kunun kanwa, na ɗora farfesu, hayaƙi kaɗan ya tashi, wata na'ura a rufin ɗaki ta kama ihu har maƙwabta suka leƙo. Wanka kuma likita ya ce kada ruwa ya yi zafi sosai. Likitan namiji ne, bai taɓa haihuwa ba, don haka na yi abin da na sani.

A rana ta uku ina kicin na ji an sa makulli an buɗe ƙofa. Na zaci Aminu ne. Sai ga wata tsohuwa baƙa, gajera, cikin riga ruwan ɗorawa, hannunta da awarwaron tagulla guda biyar suna kacau-kacau. Ba sallama, ba komai, ta wuce ɗakin mai jego kai tsaye, ta sumbaci Uwani a goshi, ta kira ta da sunanta na yanka, sunan uwata, da ƙarfi har sau biyu. Uwani, wadda tun zuwana take amsa mini magana da ɗai-ɗai, sai ga ta tana dariya har da riƙe hannun matar. Aka ce mini sunanta Karmen, maƙwabciyarsu ce ta ƙofar da ke kallon tasu, iyayenta daga Kuba suka zo, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Ta fito da kwalbar zuma daga jaka, ta lakata da yatsa ta ɗanɗana tukuna, sannan ta ajiye a gefen gado. Nan jikina ya fara ba ni wani abu.

Ga waɗanda ba su sani ba, ba a Zariya aka haife ni ba. A unguwar Sabo ta garin Oshogbo, a ƙasar Yarbawa, na tashi, inda mahaifina ke fataucin goro, har na kai shekara goma sha biyu. Akwai kogi a garin da ake kira Oshun, Yarbawa masu bin gargajiya kuma sun ce mace ce ke da kogin, ita ma sunanta Oshun, wai ita ke ba da haihuwa, ita ke sa ƙauna tsakanin mutane. Tagulla da zuma kayanta ne. Duk shekara akan yi mata biki, matan da ba su samu haihuwa ba su ɗebi ruwan kogin su sha, waɗanda suka samu kuma su dawo da goyo su yi godiya. Ranar bikin mahaifina kan rufe ƙofar zaure, ya ce duk wanda ya leƙa sai ya ci bulala. Ban taɓa kawowa a raina cewa abin da aka rufe mini ƙofa dominsa zan haye teku in tarar da shi riƙe da makullin ɗakin 'yata ba.

Da Uwani ta gaya mata a Oshogbo aka haife ni, matar nan sai ta durƙusa a gabana, ta taɓa ƙasa ta sumbaci yatsunta, idonta ya kawo ruwa. Ta gaishe ni da wani irin Yarbanci tsoho wanda ya sha hanya, ta tambaye ni ko na taɓa ganin kogin da idona. Ta ce kakannin kakanninta daga can aka kwaso su a jirgin bayi, ba su zo da komai ba sai sunan Oshun a bakinsu, ita kuma burinta ta je ta ga kogin kafin ta mutu. Na ce mata na gan shi, ruwa ne ja kamar kowane ruwa, kuma ni musulma ce, na je Makka sau biyu. Ta ce ta sani, ta ga ina salla. Ko a jikinta.

A rana ta biyar tukunyarsu ta ƙi isata dafa ruwan wanka, Uwani ta ce Karmen na da babba. Na daure na ƙwanƙwasa. Tana can tana laluben tukunya, ni kuma idona ya sauka a kusurwar falonta. Tebur ne an lulluɓe shi da yadi ruwan ɗorawa, a kai akwai wata tangaran mai murfi, da mafici na gashin ɗawisu, da madubi, da lemo guda biyar, da zuma. A jikin tangaran ɗin an jingine ɗan hoto baƙi-baƙi, irin hoton cikin mai juna biyu da ake ɗauka a asibiti. Na matsa na duba. Sunan 'yata ne a samansa.

Matar nan ba ta ma ga laifin abin ba. Cikin fara'a ta ce ita ta roƙi Oshun ta tsare cikin, ta yi mata alkawarin zuma da lemo in an sauka lafiya, kuma tana so bayan suna a kai jaririyar bakin kogin da ke yammacin unguwar a nuna ta, kamar yadda Uwani ta taɓa raka ta can. Ban san yadda na fito da tukunyar ba.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na yi wa Uwani faɗan da ban taɓa yi mata ba tun da na haife ta, don ko faɗa ma kakarta ce ke yi mata. Na ce a gidanmu aka sauke Alƙur'ani sau ba adadi, ita ce za ta je bakin ruwa roƙon ɗa? Na ce jikata ba za ta taka bakin kogin kowa ba ina raye. Na ce kafin ranar suna, ko dai a karɓe makullin nan daga hannun matar, ko Aminu ya canza mini tikiti in koma inda na fito, su yi sunansu da mai tagulla. Da gaske nake, har na fara ninke zannuwana.

Uwani ta bari na gama. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ba ta taɓa roƙon kowa ba sai Allah, sau ɗaya ta bi Karmen bakin kogi, ta zauna a kan benci tana kuka, Karmen na can tana zuba zumarta. Sannan ta ce:

"Hajiya, cikina nawa ya zube, kin sani?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba:

"Huɗu ne kafin wannan. Na ukun ya kai wata bakwai, namiji, ya yi kwana biyu a duniya. Ranar da jini ya ɓalle mini Aminu na wurin aiki, da rarrafe na kai ƙofarta. Ita ta kira ambulan, ita ta wanke ɗakin nan, ita ta kwana a kujera a asibiti. Ke kuwa duk Juma'a in na kira, sai ki ce yaya sanyi, yaya maigidan, ga ƙannenki nan, ki miƙa musu waya. Shekara goma sha ɗaya ba ki taɓa tambayata ko ina son ɗa ba. In kin ce a karɓe makulli, za a karɓa, ke ce uwata. Amma ki gaya mini ƙofar wa zan rarrafa in je bayan kin tafi."

Wallahi fushi ne ya fara zo mini kafin komai. Ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina azumin Litinin da Alhamis saboda ita. Ni da na sa aka yi mata addu'a a gaban Ka'aba. Duk maganin da ƙanwata ta aika mata ni na saya, na ce kada a faɗi sunana. Na buɗe baki in gaya mata, sai na ga to ta ina za ta sani? Ni na ɓoye. Na ɓoye da kyau har ita kanta ba ta gani ba, kuma duk tsawon shekarun nan ina jin kaina mace mai kunya, mai tarbiyya. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na mai tagulla. Na fita na dafa ruwan, na yi mata wankan.

Washegari na mayar da tukunya. Na tsaya a bakin ƙofa na gaya wa Karmen cewa jaririya ba za ta je kogi ba, ba yau ba, ba gobe ba, kuma ina son hoton nan. Na shirya wa gardama, sai ba ta yi ba. Ta ce alkawarin nata ne, ba na yarinya ba, za ta je ta cika abinta ita kaɗai. Ta ɗauko hoton ta goge shi da gefen rigarta ta ba ni. Da ta yi musu da na san abin yi. Na tsaya riƙe da hoto kamar wadda aka aika ta manta saƙo, can na ji bakina yana tambayarta inda aka binne yaron.

Uwani ba ta san wurin ba, tana gadon asibiti aka kai shi. Aminu ya sani, amma ba zan iya buɗe baki in yi wa suruki wannan tambayar ba, kuma ashe tun ranar bai sake iya komawa ba. Karmen ta ce ta bi su a baya ran nan, ta tsaya nesa har mazan suka gama, kuma duk shekara takan je ta cire ciyawa.

Aka yi suna ranar Lahadi, an raɗa a masallaci da safe, yarinya ta ci sunan Amina. 'Yan Kano da 'yan Nijar da 'yan Zangon Kumasi suka cika ɗan gidan, kowa da irin Hausarsa, yaransu ana yi musu magana suna amsawa da Turanci. Karmen ta zo da farin kallabi, ta yi ta raba faranti. Makulli yana hannunta, tikitina kuma ba a taɓa shi ba.

Ranar Talata Karmen ta ɗauke ni a tsohuwar motarta muka haye wata doguwar gada muka fita gari. A gida ban taɓa shiga maƙabarta ba, kun san mu mata ba ma zuwa. Ɓangaren musulmi yana can ƙarshe, na jarirai kuma a bakin shinge, babu suna, sai 'yan duwatsu masu lamba. Ni kaɗai da sai in wuni ban gane ba. Ita kuwa ta ƙirga layi, ta ƙirga duwatsu, ta tsuguna ta share ganye da tafin hannu ta ce ga shi nan. Ta ce Aminu ya yi masa huɗuba da Abdullahi. Sannan ta koma can gindin wata bishiya ta ba ni baya. Na tsuguna. Jika namiji ai mijin kakarsa ne, da shi ake tsokana, a ce ya kawo kuɗin cefane. Ashe na yi ango a Amurka na kwana biyu, har ya tafi ban sani ba, ina Zariya ina tambayar uwarsa yaya sanyi. Na karanta abin da ya sawwaƙa, na yi kukan da ban yi ba ko ranar da mahaifin Uwani ya rasu.

Har yanzu ban yarda da tangaran ɗin Karmen ba, kuma na gaya mata a fuska, na ce ina yi mata addu'ar shiriya. Ta ce ita ma tana yi mini tata. Haka muka ƙarasa arba'in, tana kawo kabewa ina dafawa.

Ranar da muka dawo daga maƙabarta na shiga ɗakin Uwani na zauna a bakin gadonta, abin da ban taɓa yi ba, na ce ta ba ni labarin 'ya'yan da ta rasa tun daga na farko. Ta dube ni ta daɗe, ta ce, "Ba yau ba, Hajiya." Har na hau jirgi ba ta faɗa ba, ban kuma ga laifinta ba. Yanzu ni nake kiranta, in shiga ɗaki in rufe ƙofa, ƙannenta su yi ta jira a waje. Sai da na yi wata biyu da dawowa ta fara. Makon jiya ta kai ga na biyu, ta ce a watan azumi ne, ana gobe salla, kuma ta kira ni a ranar, na ce mata a ci salla lafiya.